Ƙofar Guga da Hanyoyin Ruwan Birnin Katsina

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Guga cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ya san abin da za mu yi magana a kansa. Sai ka ga ruwa yana fitowa daga lunguna yana malala bisa titi, baƙi ƙirin, ɗauke da leda da robobi da tsummoki da ɓawon rake. Lambatun da aka gina domin ruwan ya bi ta ciki kuwa ya cushe da shara har baki. Masu kantuna suna tare ƙofa da buhunan yashi, mata a cikin gida suna kwalfe ɗaki da ƙwarya, maigida yana duban gindin katanga ko ta jiƙa. Kowa ka tambaya sai ya ce bana ruwa ya yi yawa.

To, amma ruwan sama ba baƙo ba ne a Katsina. Birnin nan ya fi shekara 500 a inda ya ke, kuma galibin wannan zamani da jan ƙasa aka gina shi, babu siminti, babu kwalbati. Ƙaƙa mutanen da suka yi da ruwan damina? Ina su ke kai shararsu? Me ya sauya har abin ya zama haka? In mun bi tarihin a hankali za mu ga amsar, kuma za mu ga abin da ya wajaba a kanmu.

Yadda ƙasar ta ke

Birnin Katsina a kan tudu ya ke. Ba shi da babban kogi wanda ke gudu rani da damina. Abin da ya ke da shi ƙoramu ne, waɗanda su kan cika in an yi ruwa, su ƙafe in kaka ta wuce. Manya daga cikinsu biyu ne, Ginzo da Tille, kuma duka arewa su ke nufa, wajen iyakar ƙasar Nijar. Ginzo ita ce ke bi ta gefen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri. Ruwan sama na shekara duka cikin wata huɗu ya ke sauka, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa cikin Agusta. Watau ke nan hanyar ruwa ta kan yi wata takwas tana bushe kamar ba ta da amfani, sa'an nan a dare ɗaya a bukace ta duka. Wannan shi ne tushen al'amarin, kada mai karatu ya manta da shi.

A cikin 1851 wani Bature matafiyi, mutumin Jamus, mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina. A cikin littafinsa ya yabi ƙasar ƙwarai. Ya nuna cewa tana kan tsaiko ne tsakanin ruwan da ke gangarawa Tafkin Chadi da wanda ke gangarawa Kwara, saboda haka tana samun ruwa isasshe, kuma ruwan ba ya kwanciya, shi ya sa ta fi wurare da yawa lafiya. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin mil 13 ko 14, amma ya ce mutanen da ke ciki a lokacin ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, domin garin ya ragu bayan yaƙe-yaƙen jihadi da komawar ciniki Kano. Waɗanda suka rage sun taru ne a kusurwar arewa maso yamma, watau sashen da Ƙofar Guga ta ke. Sauran cikin ganuwa gonaki ne da fili. Ruwa yana da wurin zuwa ko'ina.

Zamanin ganuwa da kududdufi

Masana tarihi suna cewa birnin ya kafu sosai tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, cikin ƙarni na 15, kuma da yawa daga cikinsu suna danganta ginin babbar ganuwa ga Sarki Ali Murabus, cikin ƙarni na 16. Ganuwa irin wannan ba a gina ta sai an haƙa ƙasa mai yawan gaske. Ramin da aka bari a bayanta, watau gwalalo, an yi shi ne don tare dawakin abokan gaba, amma da damina ya kan karɓi ruwan da ke fitowa daga gari.

Haka nan kuma a cikin unguwanni. Kowane gida da tubali aka gina shi, kowane tubali kuwa daga rami ya fito. In an daɗe ana ɗibar ƙasa a wuri ɗaya sai ya zama kududdufi. Ruwa ya sauko daga soro ta indararo, ya bi tsakar gida, ya fita ta rariya, ya bi lungu, ya faɗa kududdufi. In wannan ya cika ya tumbatsa, sai ya miƙa wa na gaba da shi, har ruwan ya kai ƙorama. Ta haka ruwa ba ya taruwa gaba ɗaya ya afka wa gidaje. Wanda ya kwanta a kududdufi kuma a hankali ya ke nutsewa cikin ƙasa, ya ƙara wa rijiyoyi ƙarfi. Sunan Ƙofar Guga kansa yana tuna wa mutum cewa garin nan da igiya da guga ya rayu shekaru aru-aru.

Shara kuwa a wancan zamani dukiya ce. Me ke cikinta? Toka, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ganyen da aka ƙunsa abinci, da fasasshiyar ƙwarya. Duk abin da ƙasa ta ba da ne, kuma ƙasa tana karɓar abinta. A kan tara ta a juji, in bazara ta gabato masu jakuna su zo da mangala su kwashe, su kai gonakin bayan gari. Manomi ba ya yarda a zubar masa da taki a ƙorama. Sauran abin da iska ta kwaso ta zuba a hanyar ruwa, mai unguwa ya kan sa a yi gayya kafin ruwan fari, samari su fito da fartanya da kwando su buɗe. Wanda ya toshe rariyar maƙwabcinsa, ko ya juyo masa da ruwa gindin katanga, maganar ta kan je gaban mai unguwa, in ta gagara ta je gaban alƙali. Malamai kuma suna karantar da cewa addini ya hana yin bawali a ruwan da ke kwance, ya hana ɓata mashaya da hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Amma kada mu yabi zamanin da fiye da kima. Kududdufin nan da ke tsare gari daga ambaliya shi ne kuma gidan cuta. A ciki sauro ke ƙyanƙyasa. A ciki yara ke wanka su kwaso tsargiya. Wanda ya sha ruwan tafki bai tace ba, bayan kamar shekara guda sai kurkunu ya fito masa a ƙafa, galibi daidai lokacin noma, ya kwantar da shi. Marina da majema da mahauta duka suna sakin ruwansu ya bi gari. Mutanen da sun san yadda za su bi da ruwa, amma ba su san ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba.

Zuwan Turawa da duba-gari

Wannan sani daga baya ya zo, kuma su Turawan ma ba su daɗe da samunsa ba. A cikin 1854 annobar kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi mutuwa ɗaya ɗaya, ya gane cewa galibinsu daga famfo guda su ke shan ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. A cikin 1858 kogin da ya ratsa Landan ya yi ɗoyi saboda ƙazantar da a ke zuba masa, har 'yan majalisa suka rasa sukuni a zaurensu, sa'an nan aka yarda a kashe kuɗi a gina manyan magudanai a ƙarƙashin ƙasa. A cikin 1897 kuma wani likita, Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro.

Saboda haka sa'ad da Turawa suka shigo Katsina a cikin 1903, sun zo da tsoron ruwa kwantacce. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum ne mai son gyaran ƙasa, ya je Makka, ya je Ingila, ya ga yadda a ke tafiyar da manyan birane. A zamaninsa aka kafa baitulmali, aka riƙa fitar da kuɗin haraji ana yin hanyoyi da rijiyoyi da asibiti. A cikin 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda En'e-En'e na Arewa ke aika yaransu. Su ne mutane suka sa wa suna duba-gari.

Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin duba-gari. Ya kan shiga gida ya leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba masai, ya duba rariya, ya duba inda a ke zuba shara. Wanda aka samu da ƙazanta a gargaɗe shi, in ya ƙi a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Mutane da yawa ba su son shigarsa gida, musamman gidajen kulle, har dai aka fara ɗaukar mata a aikin. Amma maganarsa tana da nauyi, domin bayansa akwai mai unguwa, bayan mai unguwa akwai hakimi, bayan hakimi akwai Sarki. A garuruwa da yawa har sarauta aka yi, a ke kira Sarkin Tsabta. Haka aka ci gaba a zamanin Sarki Usman Nagogo, wanda ya hau a cikin 1944.

A nan ne kuma aka fara kallon kududdufi da idon ƙiyayya. Dabarar da aka ga ta fi sauƙi ita ce a cike shi, abin cikewa kuwa mafi araha shi ne shara. Ta wajen sauro wannan daidai ne. Amma duk kududdufin da aka cike, ruwan da ya saba kwana a ciki sai ya nemi wani masauki, kuma ba kullum a ke gina masa hanya ba.

Fari, yalwar gari da leda

Daga wajen 1967 zuwa 1976 abubuwa suka sauya a sha'anin mulki. Aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai daga hannun sarakuna, sa'an nan a cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Aikin tsabta ya koma ofis. Mai unguwa yana nan, amma ba shi da ikon hukunta kowa. Jama'a kuma suka fara ɗauka cewa lambatu na gwamnati ne, ba ruwan kowa da shi.

A daidai wannan zamani aka yi fari mai tsanani, na farko daga 1972 zuwa 1974, na biyu a cikin 1983 da 1984. Shekara da shekaru ƙoramu ba su cika ba. Wanda ya tashi a lokacin ya ga kwari busasshe sai ya zaci fili ne, ya saya ya yi gini. Ga kuma mutane suna ta kwararowa birni. A ran 23 ga Satumba 1987 aka yi Jihar Katsina, birnin ya zama hedkwata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka ƙaru. A ƙidayar 2006 an sami fiye da mutum 300,000 a ƙaramar hukumar Katsina. Ka gwada wannan da 8,000 na zamanin Abdulkarim. Gonakin cikin ganuwa suka zama unguwanni, gari ya tsallake ƙofofi, ganuwa ta zube aka ɗebe ƙasarta, gwalalo ya cike. Rufin kwano da daɓen siminti da kwalta kuwa ba su shan ruwa ko kaɗan, duk abin da ya sauka a kansu sai ya gudu. Da damina ta dawo da ƙarfinta daga wajen 1990, ta tarar an zauna mata a hanya.

Sa'an nan ga leda. A da, in mace ta sayi ƙosai a ganye a ke ƙunsa mata, ta jefar akuya ta cinye. Da baƙar leda ta yaɗu, kuma ruwan leda ya biyo baya cikin shekarun 1990, sai shara ta sake hali. Leda ba ta ruɓewa. In ta shiga lambatu sai ta sarƙe a bakin kwalbati, ta tare yashi, yashi ya tare kara da tsumma, kafin wata biyu wurin ya zama kamar an yi masa daɓe. Manomi ya rage sha'awar takin birni, domin sai ya zauna ya tsince leda da ƙwalba. Mahauta su kan sami dunƙulenta a tumbin saniya. Abin da a da a ke rububinsa ya zama kaya, kowa na neman inda zai yar, wuri mafi kusa kuwa shi ne lambatun ƙofar gida. Har wasu su kan jira hadari ya haɗu su fito da kwandon shara, wai ruwa ya tafi da ita.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙari. A cikin 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Yaƙi da Rashin Ɗa'a, a cikin 1985 kuma Janar Tunde Idiagbon ya buɗe sashensa na tsabtar gari a Kano. Daga nan aka gaji al'adar ware safiyar Asabar guda a wata don shara. Bayan an yi jiha aka kafa hukumar kiyaye muhalli, aka sayi motocin kwasar shara, aka gina magudanan siminti. Sai dai aikin da tsoron soja ya sa aka yi, ya kan yi sanyi in sojan ya tafi.

Abin da toshewa ke jawowa

In ka fita ta Ƙofar Guga ka miƙe yamma, hanyar Jibiya ka kama. A daren 15 ga Yuli 2018, wayewar 16, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya, kogi ya ƙetare gaɓarsa ya shiga gari mutane suna barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka halaka, har an tsinci gawar wasu a cikin ƙasar Nijar. Waɗanda ke zaune kusa da hanyar ruwa su abin ya fi shafa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ambaliya a fili ta ke kisa, cuta kuwa a ɓoye. Sauro ba ya bukatar tafki, gwangwani guda mai ruwa ya ishe shi, kuma cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro mai cizo. Lambatu toshasshe a ƙofar gida, gonar sauro ce. In kuma ruwa ya malala ya haɗa masai da rijiya, sai amai da gudawa. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a cikin 1971 ta kama fiye da mutum 20,000. A cikin 2021 ta kama fiye da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, Katsina kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Ruwan da ke fita daga gari ta Ginzo, da shi masu lambu ke ban ruwa da rani, su noma latas da kabeji da alayyafo, su kawo kasuwa. Abin da ka zuba a lambatu ran Litinin yana iya komo maka a akushi.

Kada kuwa a ce abin ya fi ƙarfinmu. A cikin 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Aka bi ƙauye ƙauye ana koya wa mutane tace ruwa, ana haƙa rijiyoyi, ana hana mai ciwon shiga tafki, har a cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan. Ƙasar Bangaladash, da ta ga leda ce ke toshe mata magudanai lokacin ambaliya, ta hana amfani da ita a cikin 2002. Ruwanda ta bi sahu a cikin 2008, Kenya a cikin 2017.

Yasar hanyar ruwa

To, mene ne aikinmu? Tarihin nan ya nuna cewa duk lokacin da hanyar ruwa ta zauna lafiya, akwai wanda ya ɗauke ta tasa. Saboda haka aikin daga unguwa zai fara. Lokacinsa Afrilu da Mayu, kafin ruwan fari, sa'an nan a maimaita a tsakiyar damina. A sanar da mai unguwa da liman, a yi shela a masallaci, a nemi hukuma ta ba da mota tun kafin ranar. Kayan aiki ba su da yawa: shebur, da manjagara, da diga, da baro, da takalmin roba da safar hannu saboda ƙwalba da allura. A fara daga gangare a hauro, domin ruwan da ya kwanta ya sami mafita. A kula da bakin kwalbati fiye da ko'ina.

Babban kuskuren da a ke yi shi ne a yashe lambatu a tara dagwalon a bakinsa a tafi. Kwana uku awaki da yara da ƙafar mutane sun watsa shi, ruwan farko ya mai da shi inda ya fito, wahala ta zama banza. Sai a bar shi ya tsane, a kwashe a kai inda hukuma ta ware. Ƙarfe da roba a ware wa 'yan jari-bola, suna saye. Toka da kashin dabbobi da sauran abinci a ajiye dabam tun daga gida, manomi zai karɓa da murna kamar yadda kakansa ya karɓa. Wanda zai sayi fili kuma ya tambayi tsofaffin wurin ko ruwa ya taɓa bi ta nan, domin ruwa ko ya yi shekara talatin bai zo ba, ranar da ya zo tsohuwar hanyarsa zai nema.

Hukuma tana da nata rabo, wanda jama'a ba su iya ɗauke mata: ta ajiye wurin zuba shara kusa da mutane, ta kwashe a kan kari, ta hana gini a kan magudana ko mai ginin wane ne, ta bar sauran kududdufan da suka rage su yi aikinsu, a kewaye su a tsabtace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai da ka koyi karatu da girmanka, ka san cewa abin da aka daɗe ana cewa ba ya yiwuwa yana yiwuwa in an dage. Ka karanta wa mutanen gidanku wannan labari, ka faɗa wa abokan hirarka. In bazara ta yi, ka leƙa rariyar gidanka da lambatun ƙofarka tun hadari bai taso ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta.